Ranar da Muka Kai Jandira Wurin Masu Kiran Ruwa

Jandira ta dawo Jurara a jirgin ranar Asabar, bayan shekara talatin da wani abu. Ina bakin gaɓa ina jiran buhun garin rogon da na yi saƙo daga Kururupu, sai na ga wata mata mai jiki sanye da baƙin tabarau, wata matashiya na riƙe da gwiwar hannunta tana saukowa da ita. Ban gane ta ba sai da ta buɗe baki.

"Sake ni, Rosilene. A ruwan nan aka haife ni, ba ke za ki koya mini sauka daga jirgi ba."

Tana rufe baki ta zurma cikin ruwa har gwiwa, da takalmi da komai.

Na ce, "Jandira? Jandira ta gidan Baba Firmino?"

Ta juyo wajen muryata, amma fuskar ta ɗan kauce, kamar tana kallon wani a bayan kafaɗata. Ta ce, "Nilda ce? Kai, wannan murya ta agwagwa har yau ba ta gyaru ba."

A nan cikin ruwan muka rungume juna, ita kuka ni kuka, masu sauke kaya na yi mana tsawa mu ba su hanya. Matashiyar 'yarta ce, tana aiki a wani kantin magani a Belem. A hanyar gida ta ja ni gefe ta faɗa mini ƙasa-ƙasa cewa ciwon suga ya cinye idon hagu gaba ɗaya, na dama ma saura kaɗan, kuma likita bai ba su wani fata ba. Mahaifinta ya rasu bara. Tun daga nan uwar ta hana kowa sakat, sai an kawo ta gida.

"Na ce mata, Mama, me za ki gani a can? Ba ki da kowa. Ta ce wai ƙaguwa. Ƙaguwa fa, Inna Nilda! Sai ka ce babu ƙaguwa a kasuwar Belem."

Na san wadda uwar take nufi, kuma ba a kai ta kasuwa.

Gidanmu da na su Jandira, bishiyar yazawa ɗaya ce ta raba su. A bayan gidajen, idan ruwan teku ya janye, taɓo ne shimfiɗe, baƙi, mai laushi, har zuwa bakin kurmin ruwa. A kan taɓon nan masu kiran ruwa suke, wasu 'yan ƙananan ƙaguwa. Duk girmansu ba su wuce kan babban yatsa ba. Namijin yana da hannu ɗaya ƙato, ya kusa rinjayar jikinsa, ɗayan kuma ɗan mitsitsi. Sai ya tsaya a bakin raminsa yana ɗaga ƙaton yana saukewa, yana ɗagawa yana saukewa, su dubbai a lokaci guda. Iyayenmu suka ce ruwa suke yi wa alama ya dawo, daga nan sunan ya samo asali. Kakar Jandira kuwa, wadda bakinta ba shi da linzami, cewa take, "Wane ruwa? Mata suke kira. Duk namiji haka yake, ya tsaya a ƙofar gida yana nuna abin da Allah ya ba shi."

A nan ni da Jandira muka girma. Mukan kwanta rub da ciki a kan wani tsohon katakon jirgi mu yi tsit, don ko inuwar mutum ce ta gifta, filin kan zama wayam, kowa ya faɗa rami. Idan suka fito sai mu yi ta raɗa musu sunayen mazan gari. Wancan mai taƙama shi ne mai kanti, wancan mai karyayyen hannu shi ne mai kaɗa ƙararrawar coci.

Yayana Ademar shi ne abokin faɗanta. Yakan tara su a gwangwani don sa wa ƙugiya, ita kuma ta lallaɓo ta kifar da gwangwanin da ƙafa ta ruga. Da muka girma faɗan ya rikiɗe ya zama wani abu, kuma babu wanda bai gani ba a Jurara. Kifi mafi kyau a kamunsa, ƙofar gidansu yake ƙarewa, wai na tsohuwa ne. Amma ya buɗe baki ya yi magana, ina! Idan na matsa masa sai ya ce, "Bari in gama ɗaki tukuna." Ya kafa ginshiƙai, ya yi bango, ya yi daɓe, saura rufi. Ana nan sai ga Osmar, wani bakaniken injin jirgi daga Belem, ya zo gyara. Gyaran ya kai shi har bikin San Pedro. Ya yi rawa da ita, ya sa ta dariya, ya je ya zauna gaban Baba Firmino da hularsa a hannu. Shekarar ba ta ƙare ba Jandira ta bi shi. A watan da ta tafi Yaya ya hau ya yi rufin nan shi kaɗai, bai yarda kowa ya miƙa masa ko ganyen kaba ɗaya ba.

Daga baya ya auri Dalva, mace ta gari, ta haifa masa 'ya'ya maza biyu waɗanda yanzu suke kudu suna aikin gini. Dalva ta rasu. Nawa mijin ya tafi haƙar zinariya bai ƙara waiwayowa ba. Sai ni da Yaya muka haɗa tukunya a ɗakin nan nasa. Ban taɓa jin sunan Jandira a bakinsa ba. Ni ce mai ambatonta. Na yi ƙawaye bayanta, amma babu wadda nake fara magana ta ƙarasa mini.

Da muka isa gida mun iske Yaya a baranda yana ɗinkin taru. Ya miƙe tsaye da tarun a hannu, kamar wanda aka kama da kayan wani.

"Sannu da zuwa, Dona Jandira."

"Dona? Ku ji shi. Ɓarawon ƙaguwa, yaushe na zama wata uwargida a wurinka? Matso in gan ka."

Ya matso. Ta cire tabarau, ta karkata kai ta kawo idon dama dab da fuskarsa, sannan ta ɗora hannu a kansa ta shafa.

"Ina gashin?"

"Iska ta kwashe."

"To, gara da idon ya tafi kafin in ga wannan abin takaici sosai."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ranar ya dafa kifi da kansa, ya dama gari a romon, ya yi ta tura mata tsokar da ba ta da ƙaya.

Washegari da safe, tun ba a gama shan kofi ba, ta ce a kai ta bayan gidansu. Ni da Yaya muka kalli juna. Babu wanda ya iya faɗa mata jiya. Tudun yashin da ke gabas da gari ya yi shekaru yana tafiya, kowace iska ta ƙara masa taku. Ya cinye gidan Baba Firmino bayan rasuwarsa, ya binne yazawar har rassa, ya cike rafin da ke bayan gidajen, saura ƙiris ya taɓa namu. Itatuwan kurmin sun bushe a tsaye, farare fat.

Ta tuɓe takalmi duk da mitar Rosilene, ta riƙe hannuna muka tafi. Ba mu yi nisa ba ta tsaya, ta murza yatsun ƙafa a ƙasa.

"Wannan ai yashi ne."

"Yashi ne."

"Mu ƙara gaba. Taɓon yana gaba."

Muka ƙara. Muka yi ta tafiya har ruwa ya taɓa mana ƙafa, yashi ne dai. Ta tsaya ta daɗe, iska na kaɗa mata riga.

"Ina suka tafi?"

Yaya da ke biye da mu a baya ya ce, "Ba sa zama a irin wannan yashin, babu abin da za su tsotsa. Amma ba ƙarewa suka yi ba. Kin san macen takan saki ƙwanta ne a babban ruwa, lokacin da wata ya cika ko ya ɓace, ruwa ya tafi da 'ya'yan teku. Idan suka yi ƙwari suka dawo ba su tarar da taɓo ba, sai su wuce gaba."

Da muka koma gida ta hau ragar kwanciya ta juya fuska ga bango, ko abincin rana ba ta ci ba sai da 'yarta ta yi mata faɗa saboda allurar suga. Rosilene ta fara tambayar ranar da jirgi zai koma.

Da yamma ina hura wuta, Yaya ya tsaya a bakin ƙofar kicin ya yi magana kamar da tukunya yake.

"Akwai su a Rafin Gwara. Fiye da na nan da."

Raga ta motsa a ɗaki. Rosilene ta taso tana cewa sam. Ga rana, ga nisa, ga ɓawon kawa da ke cikin taɓo mai yanka kamar reza, kuma mai ciwon suga idan ya ji rauni a ƙafa ba ya warkewa. Gaskiya ta faɗa. Yaya ya bari ta gama sannan ya ce, "Ba za ta sauka ba, 'yata. Zan shiga da kwalekwale ruwa na janyewa, ya ajiye mu a kan taɓo. Mu zauna a ciki har ya dawo ya ɗauke mu."

"Awa nawa ke nan?"

Daga ɗaki uwar ta ce, "Ko kwana ne. Ke ki zauna ki kula da takalminki."

Kwalekwalen mutum uku yake ɗauka. Muka fita da hantsi, ni da ita da Yaya, da tulun kofi da busasshen jatan lande da gari da laima, da ɗan akwatin ƙanƙarar da allurarta ke ciki. Yaya na tuƙi a baya, ni a tsakiya, ita a gaba ta miƙe wuya kamar mai gani. Da muka shiga rafin, itatuwa suka rufe mana iska, warin taɓo ya taso, warin nan na gishiri da ruɓaɓɓen ganye wanda baƙi ke toshe wa hanci. Jandira ta ja shi har cikin ƙirji.

"Wayyo Allah. Nilda, kin san a Belem idan aka buɗe kwata nakan tsaya? Rosilene ta ɗauka taɓuwa ce."

Yaya ya zaɓi wuri inda rafin ya buɗe, ya kafa sanda ya ɗaure. Ruwa ya yi ta zamewa a ƙarƙashinmu har muka ji gindin kwalekwalen ya zauna, ya ɗan karkata. Taɓo ya bayyana dama da hagu yana ƙyalli, duk ya huje da ƙananan ramuka.

Yaya ya ce, "Yanzu kowa ya kama bakinsa. Musamman wasu."

"Da wa kake?"

"Da Nilda."

Muka yi shiru. Da farko ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga saiwoyi. Can sai taɓon ya fara 'yar ƙara, tas, tas, kamar mai a kasko kafin ya yi zafi. Idanu suka fara leƙowa daga ramuka, kowanne a kan ɗan tsinkensa. Sai ƙafafu. Sai ga su nan gaba ɗaya, har ƙasa ta zama kamar tana numfashi. Matan suka duƙufa ci da hannu biyu, suna ɗiban taɓo suna kaiwa baki, suna ajiye 'yan dunƙule a bayansu. Mazan kuwa da ƙaramin hannu kaɗai suke ci, don ƙaton ba ya kai abinci baki, shi ya sa kullum su ne a baya. Da suka ɗan taɓa sai aka fara ɗaga hannu.

Jandira ta yi raɗa, "Ga su can! Kai, ga su can!"

Na bi yatsanta da kallo. Wajen saiwoyi take nunawa, inda babu komai sai inuwar ganye na rawa. Na buɗe baki, Yaya ya taka mini ƙafa. Ya fara magana a hankali, kamar mai yi wa kansa.

"Dubi wannan na kusa da sanda. Ya fi kowa hannu, har yana tangaɗi. Ga maƙwabcinsa ya matso, za a yi dambe. Sun sarƙe. A'a, ƙaramin ya ja da baya, ya tuna yana da aiki a gida."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya ci gaba. Ya ba ta labarin wani da ya rasa hannunsa sabo na tsirowa, fari, siriri, amma bai fasa ɗagawa ba. Ta yi ta gyaɗa kai. Can sai ta sauke yatsan, ta ɗora hannuwa a cinya.

"Ƙarya nake yi, Ademar. Ba na ganin komai. Wani abu ne dai ke rawa, kamar zafin rana a kan kwano."

"Na sani."

"To ci gaba."

Ya share maƙogwaro. "Ga wata mace ta bar ci, ta taso tana yawo. Duk inda ta bi mazan na haukacewa, har ɗage suke yi. Ta tsaya wurin wani. Ya ruga rami, ta bi shi." Ya dakata. "Ta fito. Bai yi mata ba."

"Ɗaki take dubawa."

"Ɗaki take dubawa. Idan ramin bai yi zurfi ba ƙwai ba ya daɗi. Ta shiga na biyu. Ta fito. Wannan fa akwai iyayi." Muka jira. "Na uku. Shiru. To, ga shi ya fito shi kaɗai, ya ɗebo taɓo, ya koma ya toshe ƙofa. Ta zauna ke nan."

Jandira ta ce, "Ka ga shi ai ya ɗaga hannu an gani."

Ni kuwa na buɗe laima na zame na kwanta a kan buhu, na rufe ido.

"Na jira ka, Ademar. Har ranar da Osmar ya zo wurin Baba, da yamma na je na tsaya a gindin yazawa ina jin kana buga ƙusa. Na ce idan ya ɗago ya kira sunana, ba inda za ni."

"Na gan ki."

"Ka gan ni?"

"Na gan ki. Ɗakin ba rufi. Na ce me zan ce mata, ta zo ta kwana ruwa na dukanta? Shi yana da gida a birni, da lantarki."

"Ni rufi na ce maka ina so? Kai dai wawa ne tun kana yaro."

"Haka ne."

Ta ja numfashi. "Kada ka ɗauka wuya na sha. Osmar mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya sa ni dariya har a gadon asibiti. Kuma na ji Dalva ta riƙe ka da kyau."

"Ta riƙe ni."

"To shi ke nan. Kawai dai ban taɓa daina lissafin ruwa ba. Ina tsakiyar wanki sai in ce, yanzu ya janye a gida."

Kwalekwalen ya motsa. Na buɗe ido ɗaya, na ga Yaya ya zura hannu a taɓo har gwiwar hannu. Filin ya zama wayam nan take. Ya laluba, ya zaro hannun, ya ɗauraye abin a ɗan ruwan da ya kwanta a gindin kwalekwale, ya tsallake ni ya durƙusa a gabanta.

"Buɗe hannu."

Ya ɗora mata. Ta rufe da ɗaya hannun, tana jin ƙafafunsa na sosa mata tafi. Ta bi bayansa da yatsa, ta taɓa idanun suka kwanta, ta shafa ƙaton hannun tun daga gindi har baki. Shi kuwa ya ga dama ta samu, ya datse ta.

"Ɗan banza! Uwarka ta haifi annoba!"

Na tashi zumbur na kama yatsan ina dubawa, don na tuna maganar Rosilene. Bai fasa fata ba. Ta ƙwace hannunta, ta riƙe shi ta baya yadda muke yi muna yara, ta cire tabarau, ta kawo shi dab da gefen idon dama, ta juya shi wajen rana. Ta daɗe a haka.

"Ruwan goro ne hannun," ta ce. "Bakin fari. Akwai shuɗi a bayansa, kaɗan. Ademar, akwai shuɗi?"

"Akwai."

"To na ga wannan."

Hawaye na zuba daga idon da ke gani da wanda ba ya gani. Ta sunkuya ta ajiye shi a kan taɓo da kanta, ya tsaya jim kamar bai yarda ba, sannan ya ruga a karkace ya faɗa ramin wani, aka koro shi, ya sake neman wani.

Muka ci gari da jatan lande, na yi mata allurarta yadda 'yarta ta nuna mini. Rana ta take. Wani garken gwara ya sauka can nesa, jajayen tsuntsayen nan masu dogon baki da ke zaƙulo ƙaguwa daga rami, ta ce ta ga ja kamar an shanya zane. Na koma ƙarƙashin laima na yi kamar mai barci.

Yaya ya ce, "Ki zauna."

"A ina?"

"A Jurara. Akwai ɗaki. Zan riƙa kawo ki nan duk ƙaramin ruwa."

Na riga na fara tunanin inda zan ɗaura mata raga.

"Yanzu ka iya magana, da na zama kaya?" Ta girgiza kai. "Ba zai yiwu ba. Maganina sai da sanyi, ku kuma wutarku ta inji ce, da yamma kaɗai. Likita duk wata. Ran da na faɗi, kafin jirgi ya zo na sheƙa. Kuma ba zan zo in sa Nilda jan makauniya zuwa bayan gida ba, ta ja wahala ta ishe ta." Ta laluba ta sami gwiwarsa. "Kai ka zo."

"Belem? Me zan yi a Belem?"

"Abin da ka yi yau. Akwai baranda a gidan, tana kallon titi. Ka zauna ka riƙa faɗa mini wanda ya wuce."

Ya sunkuyar da kai yana kankare taɓon hannunsa. Ta gaji da jira. Sai ta ce, "Nilda, na san idonki biyu. Mai barci ba ya riƙe numfashi."

Kafin mu ga ruwan, su sun ji shi. Ɗaga hannu ya tsaya. Kowanne ya yanko ɗan faifan taɓo daidai bakin raminsa, ya ja shi ya shige ya rufe a kansa, zai zauna da 'yar iskar da ya tare a ciki har ruwa ya sake tafiya. Yaya ya faɗa mata wannan ma. Ruwa ya shigo siriri, ya lulluɓe ramukan, ya ɗaga mu.

Suka koma a jirgi na gaba. A bakin gaɓa ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce in zo, na ce to. Yaya ya ɗora musu jakunkuna, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya tun jirgin bai tashi ba.

Watannin da suka biyo baya ya zama kamar baƙo a gidansa. Yakan fita kamun kifi ya dawo da rabin abin da ya saba. Yakan zauna da taru a cinya, allura a hannu, ba ɗinki. Labari ya zo cewa idon Jandira na dama ma ya rufe. Ya ji, ya tashi ya fita, bai dawo ba sai da yamma, taɓo har cinya. Na san abin da zan faɗa zai bar ni ni kaɗai, na yi ta juya shi a baki kwana da kwanaki. Wata safiya ina zuba masa kofi na ce, "Yaya, yanzu kuma wane rufi kake jira?"

Ya kalle ni. "Ke fa?"

"Ni me? Na mutu ne? Tafi ka ba ni wuri in sha iska."

Ya tafi da kwandon busasshen jatan lande da rigarsa ta zuwa coci. Ba a yi wata ba ya dawo, ya rame, ya ce garin ba a barci, motoci ba sa janyewa kamar ruwa, kuma sau biyu yana ɓata tsakanin gida da kantin burodi. Na yi murna a ɓoye, na dafa masa kifi. Amma bai kwance jakarsa ba. Ya gyara mini rufin kicin, ya tara mini itace har saman baranda, ya kai kwalekwalensa gidan ɗan'uwan Dalva ya bar masa. Sannan ya sake hawa jirgi. An ɗaura musu aure a wani ƙaramin coci kusa da gidan. Ban je ba, teku ta yi hauka a makon.

Yanzu ran Lahadi bayan coci nakan hau tudu inda waya ke kamawa in kira su. Jandira ce ke fara karɓa, da ƙorafi. Wai ya cika mata baranda da tukwanen barkono. Wai ba ya iya ba da labarin mutum sai ya ƙara gishiri, ya ce mata maƙwabciyarsu ta yi ƙiba alhali matar ramewa ta yi. Wai da sassafe yakan sulale ya tafi bakin kogi wajen masu jiragen kifi, ya dawo mata da takalmi duk laka. Sai ya karɓi wayar, ya tambaye ni ko ruwa ya cika ko ya janye, ko aladenmu ya yi ƙiba, ko wa ya mutu. Nakan faɗa masa. Idan muka gama nakan ɗan zauna a wurin kafin in sauko, don gidan shiru ya yi masa yawa, kuma har yau ban iya dafa abincin mutum ɗaya ba.

Sun dame ni in zo babban bikin Belem na watan Oktoba. Rosilene ta ce za ta tare ni a tasha, Jandira ta ce ta sa an share mini ɗaki. Na ce musu wa zai kula da alade, wa zai ba kaji ruwa, kuma ni ban taɓa wuce San Luwis ba. Ban ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Na dai ba matar mai jirgi awon ƙafata, na ce idan ta shiga Kururupu ta duba mini takalmi mai rufi, baƙi, wanda ba ya matsa yatsa.